Firijin da Ya Mutu a Tsaye

Firijin Goggo a tsaye ya mutu, bai yi jinya ba. Da safe ta buɗe shi za ta ɗauki madara, fitilar ciki ta kama kamar kullum, amma sanyin da ya saba dukan fuskarta bai fito ba. Ta taɓa kwalbar ruwa ta ji ta ɗumi-ɗumi. Ta kara kunne a jikin ƙofar, shiru. Gurnanin nan da ya yi shekara da shekaru yana taya ta zama a kicin har ta daina jin sa, yau babu shi.

Ba asarar madara ce ta zaunar da ita a kujera ba. Abin da ya faɗo mata a rai guda ɗaya ne: to yanzu me zai riƙa kawo Kafinta gidan nan?

Kafinta shi ne uban 'ya'yanta, kuma tsohon mijinta. Shi ya gina wa firijin gida da hannunsa tun suna da sauran ƙuruciya, lokacin babban ɗansu yana rarrafe. Domin ba irin firijin da ake jinginawa a bango ba ne, a tura shi gefe ranar shara. Na cikin kabad ne. Ya saye shi a hannun wasu maƙwabta da za su tashi, ya zo ya auna bangon kicin, ya kewaye shi da katako tun daga ƙasa har silin, ya lulluɓe ƙofarsa da katako irin na sauran ƙofofin, yadda baƙo ba zai gane wacce ce ta kwanuka, wacce ce ta ruwan sanyi ba. Goggo ta sha dariyar dangin miji a kan haka. Mace ta shigo da isa za ta ɗebi ruwa, ta buɗe ƙofa ta ci karo da tukwane. Ya daɗe yana aikin, gida ya cika da ƙamshin garin katako, ita tana girki a waje tana mita, shi yana ciki yana fito. Ranar da ya gama ya ja da baya ya riƙe ƙugu ya ce, "Nemo min kan ƙusa ɗaya a jikin aikin nan, in wanke miki kwanuka har ƙarshen wata." Ta nema har da tocila, ba ta samu ba.

Can ƙasa, daidai idon sawu, ya bar wata raga ta katako.

"Nan ne hancinsa," in ji shi. "Firiji ma numfashi yake yi. Kika bari hancin ya toshe, inji ya ɗau zafi, to ki fara neman randa."

Bayan ragar ne injin yake, da wata ƙaramar fanka, da siraran bututai da suka nannaɗe kamar hanjin kaza. Ragar kuwa babu sukurori babu sakata. Wata ƙusar katako ya ɓoye a gefe, sai an tura ta sama an karkata ta sannan ragar ta faɗo hannu. Ya ce sirrin aiki ne, ba ya koya wa kowa. Mutum ne mai son a neme shi.

Gidan tela kuma ƙurarsa daban ce. Goggo a kan keken ɗinki ta yi rayuwarta, a ɗakin da ke jikin kicin, kuma duk zaren da ta gutsure da haƙori, duk ɓurɓushin yadin da almakashi ya zubar, fankar nan sai ta zuƙe shi ta manna wa bututan. In aka kwana biyu ba a share ba, sai a zaro wani ɗan bargo mai launi-launi, wanda in ka duba da kyau za ka gane kayan wa da wa aka ɗinka a watannin.

Auren ya mutu ne a kan abin da yanzu Goggo ba ta iya faɗa ba tare da jin kunya ba. Babu duka, babu zagi, babu yunwa. Ya samu aiki a wata masana'antar kujeru mai nisa, ya ce a tashi. Ta ce ba ta barin masu kawo mata ɗinki da makarantar yara. Ya ce ke nan keke ya fi shi. Ta ce shi ya faɗa. Ya tafi da nufin ta biyo shi, ta zauna da nufin ya dawo, kowa na jiran ɗaya ya gaji. Taurin kai ya gamu da ɗan'uwansa. Wata rana magana ta yi zafi a waya, ya furta abin da ya furta, shi ke nan.

Da masana'antar ta rufe ya dawo da furfura a ka, ya kama shago mai ɗaki a baya. Shi bai sake aure ba, ita ma haka. Yara suna zuwa wurinsa, shi kuwa ko layin ba ya takowa. Sai wata shekara ana tsananin zafi firijin ya fara nishi, yana kashe kansa yana tashi. Auta, lokacin tana sakandare, ta je ta janyo ubanta ba tare da ta shawarci kowa ba. Ya yi sallama daga bakin ƙofa kamar baƙo, ya wuce kicin kai a ƙasa, ya kwanta a siminti ya buɗe raga. Abin da ya zaro ya kai girman mage. Ya ɗaga shi da yatsu biyu, bai kalle ta ba ya ce, "Duk shekarun nan haka aka bar bawan Allah?"

Ta ce, "Mai sirrin ne ya tafi da sirrinsa."

Tun daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Sau biyu a shekara, kafin zafi ya shigo da kuma bayan ruwa ya ɗauke, Kafinta zai iso da hantsi, jakarsa ta fata a kafaɗa. Ya fara kashe firijin daga bango. Ya shimfiɗa tsohon buhu ya kwanta, ya zira dogon buroshinsa yana bin bututan a hankali, ya goge fiffiken fanka, ya zaro farantin da ruwa ke tsiyaya a ciki ya miƙo mata ta wanke. In ya tashi sai ya bi robar ƙofa da ruwan ɗumi da sabulu, lungu-lungu, ya shafa mata basilin kada ta bushe ta tsage. Ya nemi ƙyalle daga ragowar ɗinkinta ya maƙala a bakin ƙofa ya rufe, ya ja. In ƙyallen ya yi gardama, roba lafiya lau. A ƙarshe ya kunna, ya kara kunne, ya lumshe ido yana saurare kamar likita.

Aikin Goggo riƙe tocila ne, da kuma faɗa.

"Haska nan."

"Nan nake haskawa."

"Kunnena kike haskawa."

"To cire kunnen daga hanya."

Amma tsakanin faɗan ne ake hirar. Gwiwarsa da ta fara ƙara, idonta da ya daina ganin kafar allura, jikan da ya fitar da haƙori, wanda ya rasu a tsohuwar unguwa, irin barkwancin da marigayiya uwarsa take yi. Yara sun watse, kowa da gidansa, su biyu kaɗai suka rage masu tuna waɗannan abubuwa. Kuma babu mai bakin magana a layi, tunda kowa ya san gyara mutumin yake zuwa yi. Goggo tana son ranakun nan biyu fiye da duk sauran ranakun shekara, ko da yake da za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Shi ya sa da firijin ya mutu ba ta kira shi ba. Mai gyara ta nemo daga can wata unguwa, wanda bai san kowa nata ba. Da ya durƙusa yana lalube, har ya ɗauko sukundireba zai ɓanɓare ragar, ta daka masa tsawa, ta sunkuya da kanta ta tura ƙusar katakon sama ta karkata. Ragar ta faɗo hannunta. Gaskiyar magana Goggo ta iya buɗe ta tun Auta tana goye, da gefen ido ta koya. Shekarun da ba ya nan haushi ne ya hana ta taɓa aikinsa, da ya dawo kuma ba ta ga dalilin nuna gwaninta ba.

Mai gyaran ya gwada wannan ya gwada wancan, ya miƙe yana kaɗe wando.

"Mama, kwamfireso, wato zuciyar injin, ya ƙone. Irin wannan kuma an daina yin sa tun kafin a haife ni. Sai dai a farfasa katakon a fitar da shi, ki sa sabo."

"A farfasa?"

"To ai ba ƙofar fita aka bar masa ba."

Ta sallame shi, ta ce kada ya gaya wa kowa. Ya tafi yana waiwaye, yana mamakin wa zai gaya wa.

Makonni suka shuɗe. Ta daina sayen abin da ke lalacewa, tana dafa daidai cikinta. Auta, wadda ta daɗe tana roƙon a bar ta ta turo sabo na zamani, ta kira a waya ta ce, "Mama, ya firijinki na tarihi?" Goggo ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, ya fi ki ƙarfi." Ta ajiye waya tana istigfari. Ta san Auta da ubanta, abin da ya shiga kunnen wannan da safe, kafin azahar ya isa na wancan.

Da ruwa ya ɗauke, Kafinta ya aiko da saƙo zai zo ranar Asabar. Goggo ta zauna ta yanka dabararta kamar yadda take yanka riga. Shirun injin ba matsala ba ne da farko, tunda dama sai an kashe ake aiki, za ta ce ta riga ta kashe masa. Sanyi kuma ana sayen sa. Ranar Juma'a ta je shagon mai ƙanƙara na bayan tasha, ba na layinsu ba, ta yi sawu biyu, ta cika robobi ta jera a ciki, ta tura kwalaben ruwa tsakani, ta rufe. Saura ƙarshen aiki, lokacin da zai kunna ya saurara. Wannan ma ta samo masa magani: za ta sauke babban makunnin da ke bakin mita, ta ce an ɗauke wuta.

Da safe ta kwashe robobin ta ɓoye a banɗaki, ta goge ko'ina, ta taɓa bangon ciki ta ji sanyi ƙarara. Har ta ɗan yaba wa kanta. Ta sauke makunni, ta sake ɗaurin ɗankwali, ta zauna jira.

Ya yi sallama da hantsi. Ya ƙara ramewa, jakar ma kamar ta fi shi nauyi.

"Maman yara, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Yau wuta ta yi mana halin nata, tun asuba babu."

"Ikon Allah. Na ga kuwa mai aski yana ta aiki a bakin layi."

"Ai ba layin wutarmu ɗaya ba," in ji ta da sauri.

Ya buɗe ƙofar firijin ya sa bayan hannu a ciki, ya gyaɗa kai. "Ya riƙe sanyi. Robar nan tana nan da ƙarfinta." Goggo ta ji wani daɗi har cikin ranta.

Ya shimfiɗa buhu. Kwanciyar ta ɗauke shi lokaci, sai da ya dafa kujera, gwiwa ta yi ƙara, ya yi salati. Ya lalubi ƙusar katako, ya ɗan dakata, sannan ya buɗe.

"Haska nan."

Ta haska, kuma yau daidai wurin ta haska. Ta jira ya zira buroshi, bai zira ba. Ta jira tsokana a kan zarenta, shiru. Ta fara ba shi labarin jikansu da ya faɗi a keke, ta ji ba ya biye da ita, ta bari. Ta sunkuya ta leƙa ta saman kafaɗarsa, sai ta ga abin da yake kallo. Gizo-gizo ya yi saƙa daga fiffiken fanka zuwa jikin bututu, saƙa mai kyau, cikakkiya, shi kansa yana zaune a tsakiya hankali kwance kamar mai gida. Bututan kuwa fayau, tun da mai gyara ya kakkaɓe su fanka ba ta sake zuƙo komai ba, da ƙyar za ka tsinci zare biyu.

Nan take ta sha jinin jikinta. Ta tuna da ƙanƙara, ta tuna da mita, ba ta tuna da leƙa bayan raga ba.

"Maman yara," ya ce, kansa na ciki har yanzu. "Gizo ba ya saƙa a fanka mai juyawa."

"Ƙila jiya ya yi ta."

"Har da ƙwai ya ajiye."

Ya shafa bututan da yatsa. Sannan ya sake tambaya.

"Yaushe ya mutu?"

"Ana tsakiyar ruwa."

"Sanyin fa?"

"Ƙanƙara ce. Tana banɗaki."

Ya ja jiki ya fito, ya zauna a kan buhun ya jingina da kabad. Ya juya ƙusar katakon a tafin hannu. "Wannan kuma a juye na same ta. Wa ya buɗe?"

"Ni."

"Ke?"

"Tun Auta na goye na iya."

Abin ya dake shi, ta gani a fuskarsa. Tsoho ne da ya yi shekaru yana ratso gari da jaka a kafaɗa, yana jin ba a yi sai da shi. Ya kalli buroshinsa, ya kalli siminti.

"Ashe duk zuwan nan da nake yi, ɗawainiya kawai nake ɗora miki. Kina iya abinki."

"Iya buɗe raga daban, Malam."

"To me ya hana ki faɗa min ya mutu? Ni yaro ne da za a sauke min mita?"

Borin kunya ya taso mata, muryarta ta haura. "In faɗa maka ka ce me? Ka ce Allah ya jiƙansa, ka ɗauki jakarka? Sai kuma yaushe? Sai ranar da aka ce maka ni ce na mutu a tsaye?"

Maganar ta fita kafin ta kamo ta. Daga banɗaki ana jin ɗigar ruwan ƙanƙara.

Kafinta ya juya ga ragar. Shi dama haka yake, in magana ta yi masa nauyi sai hannunsa ya nemi aiki. Ya mayar da raga, ya tura ƙusa daidai yadda take. Ya naɗe buhu, ya sa buroshin da bai yi amfani da shi ba a jaka. Tashin ya fi kwanciyar wuya, amma bai nemi taimako ba, ita ma ba ta miƙa ba.

"Ki bar Auta ta turo sabon," ya ce. "Zan sa a zo daga shago a kwance katakon a hankali, ba sai an fasa ba. Ki mayar da wutarki, kada ki zauna cikin zafi."

Ya rataya jaka ya fita. Ta ji ƙarar ƙofar waje.

Goggo ta zauna a kujerar da ya dafa, tocila a kunne a cinyarta. Ba ta yi kukan ranar da auren ya mutu ba, lokacin fushi ya tare hawayen. Yau babu fushin da zai tare. Ta kalli kabad ɗin daga ƙasa har sama, katakon da ya yi duhu don shekaru, inda hannun yara ya goge shi har yana sheƙi, ta ji tausayin kanta da nasa. Ta yi ƙarya, ta yi jigilar ƙanƙara da wannan bayan nata, kuma ga shi duk da haka ya tafi.

Tana cikin share fuska da bakin mayafi ta ji sallama.

Ta ɗauka mai karɓar ɗinki ce, ta gyara murya ta je ta buɗe. Shi ne. Ya ajiye jakar can gefen dakali, nesa da ƙofa, ya tsaya hannu biyu babu komai, bai ma san inda zai sa su ba. Ya kai su aljihu, ya fitar, ya haɗa su a baya.

"Me ka manta?"

"Ban manta komai ba."

"To?"

Ya yi gyaran murya. Mai aski daga bakin layi ya dakata da aski yana kallo, matar gidan da ke fuskantarsu ta ɗaga labule. Kafinta ya gan su sarai, bai motsa ba.

"Ba gyara na zo ba," ya ce. "Gaishe ki na zo yi. In da hali."

Goggo ta riƙe ƙofar da ƙarfi. Ta kalli mai aski har sai da ya koma kan aikinsa, sannan ta matsa gefe.

"To shigo mana, ka tsaya kana tara min jama'a. Ba nan ba, ina za ka kuma? Kicin ka zo gaisarwa? Falo za ka."